Jiniyar Lindsay Trethowan

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Lindsay Clarence Trethowan ranar 9 ga Agusta, 1951, a garin Wirrabel da ke yammacin jihar Victoria. Mahaifinsa shi ne Clarrie Trethowan, makiyayin tumaki, wanda ya riƙe muƙamin kyaftin na 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin tun daga 1948 har tsufa ya ƙwace shi daga hannunsa. Mahaifiyarsa kuwa Merle ce, 'yar gidan Pascoe, mai kaɗa fiyano a coci. Kasancewar shi kaɗai ne ɗan da Allah ya ba su, tun yana cikin tsumma mutanen gari suka gama yanke masa sana'a, cewa zai gaji tumaki kuma zai gaji hular kyaftin, kuma ba wanda ya ga dalilin neman shawararsa.

Clarrie mutum ne mai ƙarancin magana da ƙarancin dokoki, amma akwai ƙa'ida guda da ya gina tarbiyyar gidansa da ta garin baki ɗaya a kanta, wato jiniyar da ke bisa rufin rumfar kwana-kwana ba abin wasa ba ce. Idan ta yi kuka, mai cin abinci ya ajiye cokali, mai tatsa ya bar saniya, ango ya bar amarya a gaban fasto. Hakan kuwa ya taɓa faruwa a 1957, kuma amaryar ba ta yi fushi ba, domin ita ce ma ta riƙe masa kwat ɗinsa.

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare ta Wirrabel a 1957, daga nan ya wuce sakandaren garin da ke maƙwabtaka da mu a 1964, inda malamansa suka yi ittifaƙi a kan cewa yaro ne mai ladabi wanda hankalinsa ke wani wuri. A 1965 aka gano wurin. A shekarar ce mahaifiyarsa ta saya masa tsohuwar jita mai amfani da lantarki, shi kuma ya farke rediyon kakarsa ya mayar da shi lasifika, ya tare a rumfar askin tumaki yana gwaji daga dawowa makaranta har a kira shi cin abinci. Maƙwabta sun sha wahala. An ce karnukan gidan Trethowan ƙaura suka yi zuwa gonar gidan Pascoe, ko da yake mai wannan rubutu bai ga haka da idonsa ba.

Ya bar makaranta a ƙarshen 1968, ya yi shekara guda da 'yan watanni yana taya mahaifinsa kiwo, yana kuma zuwa atisayen kwana-kwana kowace Lahadi kamar kowane saurayi a garin. A watan Maris na 1970 ya shirya jakarsa. Clarrie ne ya kai shi tashar jirgin ƙasa, kuma waɗanda ke wurin sun adana mana abin da aka faɗa.

"Yanzu kai duk faɗin ƙasar nan ba ta ishe ka ba, sai ka je birni kana kaɗa gashi kamar doki?"

"Baba, kiɗa nake so."

"Su ma tumakin suna so. Kaɗa musu mana."

Duk da haka ya ɗauko sababbin takalman aiki daga bayan mota ya miƙa masa, ya ce ko a birni ƙafa ƙafa ce.

Sana'arsa da Shahararsa

A Melbourne ya yi dako a kasuwar kayan lambu har zuwa 1972, lokacin da ya haɗu da Stav Kallis, makaɗin ganga, ɗan wani mai suyar kifi da dankali, da kuma Noel Haddrick, mawaƙi mai murya kamar ana jan kwano a kan dutse. Su ukun suka kafa ƙungiyar kiɗan rok da suka raɗa wa suna Wirrabel Mail, wato sunan jirgin da ke kawo mana wasiƙu, abin da ya sa mu a nan muka rasa ko mu yi alfahari ko mu kai ƙara. Shekara huɗu suka yi suna yawo a tsohuwar mota daga wannan mashaya zuwa waccan, suna kaɗawa har tagogi su yi rawa, ba wanda ya san su sai masu share wurin.

A 1976 suka fitar da faifan waƙarsu mai suna Iskar Arewa, wadda ta ɗaga su daga mashaya zuwa manyan zauruka na Sydney da Brisbane da Perth. Abin da ya sa waƙar ta yi fice shi ne buɗewarta. Kafin ganga ta shigo, kafin Noel ya buɗe baki, Lindsay kan taka wata 'yar na'ura da ƙafa, ya ja tsirkiya sannu a hankali, sai jitar ta yi kukan jiniya sak, ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Mutanen birni da zarar sun ji ta sai ihu da tsalle.

A Wirrabel kuwa lamarin ya zo da wata fuska. Wata rana a watan Oktoba na shekarar, ana tsakiyar askin tumaki, aka sa waƙar a rediyon da ke rataye a rumfar Clarrie. Kyaftin ɗin ya saki tunkiya da rabin gashinta, ya yi waje a guje yana kiran mutane su fito, wuta ce, alhali 'yan ƙwadagon da suka riga suka san waƙar suna kwance suna riƙe ciki. Kafin mako ya zagayo labarin ya karaɗe gundumar, har ya zama in ya shiga kanti sai wani shaƙiyyi ya yi masa fito irin na jiniya daga bayan buhuna.

Da Lindsay ya zo gida bikin Kirsimeti, ya tarar da mahaifinsa a bakin tankin ruwa.

"Baba, don girmama ku na yi ta."

"Dariyar da aka yi mini ba ta dame ni ba, yaro, na girmi dariya. Amma ranar da wani ya ji jiniya ta gaske, ya ce ai waƙar ɗan Clarrie ce, ya gyara zama, wa zai ɗauki alhakin?"

Lindsay bai cire jiniyar daga waƙar ba, domin a lokacin ita ce abincinsa da na abokansa. Daga ranar nan Clarrie bai sake yi masa magana ba. Mai mashayar garin ya cire faifan daga na'urarsa, mu kuma sauran jama'a, sai dai Allah ya yafe mana, muka riƙa jin waƙar a mota da gilashi a rufe. Wannan shirun na mahaifinsa shi ne babban abin da ya ci wa Lindsay rai a duk shekarun shahararsa, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san haka.

Aurensa

Ranar 3 ga Nuwamba, 1979, ya auri Concetta Vassallo, wadda kowa ke kira Connie, ma'aikaciyar jinya, 'yar wani direban jirgin ruwa da ya yi ƙaura daga Malta. Sun haɗu ne lokacin da ta ɗinke masa goshi bayan ya faɗo daga dandamali, kuma ta shaida masa tun a ranar cewa kiɗansa ciwon kai yake sa ta, ra'ayin da ba ta sauya ba har ƙarshen zamansu. Merle ta halarci ɗaurin auren. Clarrie bai je ba, sai dai ya aika da rago feɗaɗɗe ta jirgin ƙasa ba tare da ko gaisuwa ba. An haifa musu Dale a 1981, da Tamsin a 1983.

Gobarar 1985

Ranar Litinin, 14 ga Janairu, 1985, iskar arewa ta taso da zafi tun safe, kuma kafin azahar wuta ta shigo Wirrabel ta bayan maƙabarta. Ta cinye kusan rabin gidajen garin, da makarantar firamare, da dabbobin da ba a san adadinsu ba, ta kuma cinye rumfar kwana-kwana, inda aka tsinci jiniyar a narke cikin toka. 'Yan sa-kai biyu, dukansu magidanta, sun rasu a cikin motarsu a kan hanyar dam. Clarrie, yana da shekara sittin da huɗu, ya ƙone hannu biyu wajen ƙoƙarin buɗe musu ƙofa.

Hasarar da ta biyo baya ba ta gidaje ba ce kaɗai. Cikin makonnin da suka biyo, 'yan sa-kai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ajiye hulunansu a barandar Clarrie, wasu da uzuri, wasu ba uzuri, matansu na jiransu a mota. Ba wanda ya zarge su. Amma ya zama garin ba jiniya, ba kuma tabbacin akwai wanda zai tashi ko da akwai ta. Lindsay yana Perth lokacin da wutar ta faru. Da ya iso asibiti, mahaifinsa ya juya fuska ga bango.

Wasan Gidauniya

Lindsay ne ya kawo shawarar a yi babban wasa a filin ƙwallon garin domin tara abin sake gina makaranta da rumfar kwana-kwana, ya kuma yi amfani da sunansa ya jawo gidan talabijin da wasu ƙungiyoyin kiɗa daga birni. Kwamitin gari ya amince bisa sharaɗi guda, kuma Merle aka ɗora wa isar da shi.

"Ka zo ka yi duk haukan da ka ga dama, ɗana. Amma ban da jiniyar nan. Akwai yaran da har yanzu ƙarar tukunya ke sa su kuka."

"Na yi alkawari, Mama."

"Babanka zai zo. Bai ce zai zo ba, amma ya sa na goge masa riga."

Ranar Asabar, 16 ga Maris, 1985, aka jera manyan motocin ɗaukar ciyawa aka yi dandamali da su, aka kawo janareta, mata suka kafa teburan shayi da kek, maza suna gasa nama da albasa. Jama'ar birni sun zo dubbai a motocin safa, suka cika gaban dandamali, mu 'yan gari kuma muka ja baya muka zauna a kan barguna kamar mu ne baƙin. Motar kwana-kwana guda da ta tsira da kuma wadda aka aro mana suna ajiye a ƙarshen filin. Clarrie yana kan kujera kusa da teburin shayi, hannayensa naɗe da bandeji.

Wirrabel Mail ce ta hau ƙarshe, rana ta yi sanyi. Waɗanda suka san harkar sun ce ba su taɓa kaɗawa kamar ranar ba, kuma ko mu da ba mu san harkar ba mun ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin barguna. Da suka zo rufewa, 'yan birni suka haɗa baki suna kiran Iskar Arewa. An riga an shirya yadda za a yi: Stav zai buga sandunansa, ganga ta shiga kai tsaye, a tsallake buɗewar. Sun gwada hakan a mota, sun sake gwadawa a bayan dandamali. Stav ya buga sanduna. Sabo turken wawa. Ƙafar Lindsay ta taka inda ta saba takawa shekara tara, hannunsa ya ja tsirkiya, jiniya ta tashi daga lasifikokin da suka kai tsayin ɗaki.

Gaban filin ya ɓarke da shewa. Bayan filin kuwa ya miƙe tsaye gaba ɗaya. Kofuna suka zube, iyaye mata suka suri yara, maza suka nufi motocin nan biyu a guje, suna tsallake barguna da mutane. Mai gasa nama ya tafi da cokalinsa a hannu. Mutanen da suka mayar da hulunansu su ne a gaba, har da ƙanin ɗaya daga cikin mamatan, wanda ya yi rantsuwa a bainar jama'a cewa shi da wuta har abada. Clarrie yana cikinsu, yana gudun tsoho, hannaye a sama. Sai da aka tayar da injin, aka ɗaga kai ana neman hayaƙi, aka ga sama tas.

Lindsay ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyi, filin ya yi tsit. Ya matsa bakin makirufo.

"Ni ne. Ba wuta ba ce, ni ne. Ku yi haƙuri, don Allah."

Ba wanda ya yi dariya. Clarrie ya tsaya jikin mota yana duban fuskokin da suka kewaye shi, ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna duban ƙasa. Sannan ya juya ya ratso filin a hankali, 'yan birni suna darewa ba su san ko wane ne ba, har ya zo ƙarƙashin dandamali. Lindsay ya durƙusa da jitarsa a wuya, ya manta makirufo a buɗe yake, shi ya sa duk garin ya zama shaida.

"Baba, wallahi ba da gangan..."

"Rufe mini baki. Ka ga waɗanda suka tashi?"

"Na gani."

"Wata biyu ina kwana da tunanin garin nan ya mutu. Ashe da sauranmu." Ya ɗaga kai ya dubi ɗansa. "To, tsayuwar me kake yi? Ka tara mutane, ƙarasa musu. Amma jiniyar taka tana saurin sauka. Ta gaske sai ta ja numfashi a sama tukuna."

Magana ta farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun 1976, kuma gyara ce, wanda duk ya san Clarrie ya san babu abin da ya fi haka kusa da runguma a wurinsa. Noel ya sanar da cewa abin da za a ji yanzu kiɗa ne, masu yara su toshe musu kunne. Aka sake ɗaukowa daga farko. 'Yan kwana-kwana suka dawo suka kutsa har gaba, suna rera baitocin da ya kamata a ce ba su sani ba, wanda hakan ya tona asirin masu rufe gilashin mota. Mun yi kuka a ranar, kuma ba na baƙin ciki ba ne duka. Hoton da gidan talabijin ya ɗauka shi ake nunawa har yau duk lokacin da ake maganar wasan, kuma a gefensa ana iya hango wani dattijo mai farin bandeji yana kaɗa kai ba bisa kiɗa ba.

Washegari hulunan suka ɓace daga barandar Clarrie. Da yake sabuwar jiniya ba ta iso ba sai a watan Nuwamba, kwamiti ya sa aka naɗi buɗewar waƙar daga faifan zuwa kaset, aka kafa lasifika a kan rufin mashaya, kuma a tsawon watannin nan ita ce jiniyar Wirrabel a hukumance. Mai mashayar da ya kori faifan shi ke danna maɓallin.

Komawarsa Gida

An haifi autarsu Bronwyn a 1987. A 1988 ƙungiyar ta watse cikin mutunci, Noel ya koma sayar da gidaje, Stav ya gaji tukunyar mahaifinsa, Lindsay kuma ya kwaso iyalinsa ya dawo Wirrabel, inda Connie ta kama aiki a ɗakin shan magani na garin. Ya karɓi kiwon tumaki, wanda bai taɓa ƙwarewa a kai ba, ya kuma sake shiga kwana-kwana daga matakin ƙasa. Bai zama kyaftin ba, bai kuma nema ba. Tankar ruwa ya tuƙa shekara ashirin da huɗu. Yakan koya wa yaran makaranta jita ranar Laraba, kuma duk wanda ya roƙe shi ya nuna masa yadda ake jiniyar, sai ya ce ya manta.

Clarrie ya rasu a 1996, Merle ta bi shi a 2001. A shekarunsu na ƙarshe tare, uba da ɗa kan zauna a baranda da yamma, kowa da kofin shayinsa, ba mai cewa uffan, sai dai wannan shirun daban yake da na da. Lindsay ya yi ritaya daga kwana-kwana a 2012, sakamakon kurumtar da lasifikoki suka bar masa gado, bayan da aka lura sai Connie ta zungure shi yake sanin ana jiniya. A 2014 aka zaɓi 'yarsa Tamsin kyaftin, kuma ranar ya sa tsofaffin takalman da aka ba shi a tasha, duk da sun matse shi.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Ya rasu a gidansa ranar Lahadi, 11 ga Fabrairu, 2018, yana da shekara sittin da shida, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. An yi jana'izarsa ranar Juma'a, 16 ga wata, a maƙabartar Wirrabel, da rana mai zafi da iska. 'Yan kwana-kwana ne suka ɗauki akwatin, kuma an sanar tun a coci cewa za a sa tsohon kaset ɗin nan lokacin da ake saukar da shi.

Fasto na cikin addu'a jiniya ta tashi. Jama'a suka sunkuyar da kai, wasu na murmushi, wasu na share ido, ba wanda ya motsa, sai mai riƙe da kaset ɗin da ya tsaya yana duban na'urarsa da mamaki, domin bai kunna ta ba tukuna. Abin da Clarrie ya ji wa tsoro tun 1976 ya kusa tabbata a bakin kabarin ɗansa. Tamsin ce ta ɗaga kai. Ta saurara, ta ji kukan ya hau ya tsaya a sama yana jan numfashi.

"Wannan ba ta Baba ba ce," ta ce. "Ta gaske ce."

Ta dubi mahaifiyarta, igiyar akwatin tana hannunta.

"Me kike kallo na?" in ji Connie. "Ba ni igiyar. Shi ba inda za shi."

Kafin fasto ya ce amin maƙabartar ta watse, ana jin ƙofofin motoci suna bugawa. Aka bar Connie, da Stav da sandarsa, da fasto, da 'yan tsofaffin da gudu ya ƙare musu, cikinsu har da mai wannan rubutu, kuma mu muka saukar da shi kusa da mahaifinsa, a karkace kaɗan. Stav, mutumin birni, ya dubi kujerun da aka bari a kife, ransa ya ɓaci.

"Haba, Connie. Ko minti biyar ba za su ba shi ba?"

"Da baƙo ne, da sun tsaya," ta ce.

Wutar ciyawa ce a hanyar dam, kuma an kashe ta kafin ta taɓa gida ko ɗaya.

Marigayin ya bar matarsa Concetta da 'ya'ya uku: Dale, makiyayin tumaki a gonar kakansa, Bronwyn, malamar kiɗa a Melbourne, da Tamsin, kyaftin ɗin 'yan kwana-kwanan Wirrabel, wadda ta dawo maƙabarta da yamma, baƙa ƙirin da toka, ta tarar an riga an rufe kabarin.